Kuran da ke zagaye a ƙirjina

Shekara arba'in ina bandar kifi a bakin tafkin Madarumfa, hayaƙi bai taɓa kayar da ni ba. Sai wata safiya ina juya tarwaɗa a kan wuta, ƙirjina ya kama lugude kamar 'yan mata uku sun taru a turmi guda. Na zauna, bai bari ba. Kwana huɗu yana yi. Maƙwabciyata mai dogon baki ta buga wa ɗana waya a Maraɗi. Ban aike ta ba.

Ɗan fari ne. Mu a gidanmu ba a kiran sunan ɗan fari, ba a duban idonsa, ba a yi masa magana baki da baki. Haka uwata ta yi da yayana, haka na yi da shi tun yana goye. Ya yi lakwal, karatun boko ke nan, ya samu aikin gwamnati, ya daɗe yana son ya kwashe ni zuwa gidansa, in zauna a ɗakin siminti ana ba ni abinci kamar ragon layya. Sau uku na ƙi ta bakin ƙanwarsa. Ranar da ya zo da mota ba ni da numfashin gardama, ya kai ni asibitin Maraɗi.

Likitar yarinya ce daga Yamai, Hausarta ba ta wuce sannu ba. Suka manna mini wayoyi masu sanyi a ƙirji da hannu da ƙafa, na'ura ta tofo takarda, zanen kanta kamar haƙoran zarto. Tana faransanci, ɗan nawa yana juya mini da Hausa yana kallon ƙasa, ni ina kallon taga. Wai zuciya ɗakuna gare ta, sama da ƙasa, kuma akwai kuran a ciki, wato lantarki, ɗan'uwan na fitila. Nawa ya ɓace hanya, yana zagaye a ɗakin sama kamar jaki a turke, wajen sau ɗari uku a minti. Akwai lungun da yake rage gudu, kafin ya fito hanyar ta huta ta sake karɓarsa, shi ya sa zagayen ba ya mutuwa. Tsakanin sama da ƙasa kuma akwai ƙofa mai barin ɗaya ya wuce ta tare ɗaya, don haka ƙasa ke bugun ɗari da hamsin. Na ce a raina, ashe a jikin nan ma akwai mai hankali guda.

Sai ɗan nawa ya ƙara da cewa, "Ta ce ba za ki koma bakin tafki ba. Nan za ki zauna kusa da asibiti."

Bakin likita a rufe yake tun kafin ya kai nan, tana rubutu abinta. Ban yi karatu ba, amma na yi ciniki da dillalai, na san sa'ad da mutum ya ɗora nasa a kan kayan wani. To yaya zan yi? In zan ƙaryata shi sai na dube shi na yi masa magana. Da wannan ya dogara.

Akwai wata dattijuwa mai jinya tana naɗe wayoyin, na ji harshenta na mutanen Gabi ne, maƙwabtanmu. Na ce, "Ke baiwar Allah, kina jin yaren nasara?"

"Ina ji, Inna."

"Tambayar mini yarinyar nan, ita ta ce in bar ɗakina, ko mai hular can ne ya yi mata ƙari?"

Ya ce, "Haba Inna!"

Na ce mata, "Gaya masa ba da shi nake ba."

Ta tambaya. Likita ta ajiye bik ɗin da take rubutu da shi, ta dube shi tsawon lokaci, sannan ta amsa. Dattijuwar ta ce, "Ba ta faɗa ba. Ta ce ƙwaya biyu ce, ɗaya ta ƙara wa ƙofar tsauri, ɗaya ta tsinka jini kada ya yi gudaji ya hau kai. Ki zo awo duk wata, ki rage zama cikin hayaƙi. Kuma muddin kina shan ta jinin, ba ƙaho, ba askar wanzami, don jinin ba zai tsaya ba."

Duk bazara nake ƙaho. Na ce, "Wanzamina ya san bayana tun ba a haife ta ba." Amma na karɓa, ƙaho bai kai ɗakina daraja ba.

Shi kuma ya juya wajen dattijuwar. "Ki ce mata in ta faɗa wuta ita kaɗai, wa zai ɗaga ta?"

"Ki ce masa ban haife shi don ya sa wa baƙuwa ƙarya a baki ba."

Dattijuwar ta ce, "Ni dai albashin tafinta ba a ba ni." Ba wanda ya yi dariya.

Kwana uku suka riƙe ni har bugun ya sauka. Da aka sallame ni motarsa na ƙofa. Na wuce ta, na je tasha, na shiga ta haya tsakanin buhunan albasa, la'asar ta same ni a gida ina hura wuta.

Ƙwayoyin suna zuwa duk wata ta hannun direba, ina sha. Shi bai tako ba sai da babbar Sallah. Ya zauna a zaure, na aika masa da kifi, ya cinye har kai, ya tafi. Haƙuri dai har yau bai bayar ba.