Tagogin da Aka Toshe

Ku matso kusa, ku jawo tabarma, in ba ku labarin gidan da aka kai ni aure.

Yana can bakin garin Faskari, inda gidaje ke ƙarewa gonaki su fara. Tun zamanin Turawa aka gina shi, wai don wani malamin awon auduga, daga baya ya dawo hannun kakan maigidana. Ranar da aka kai ni na ɗauka asibiti ne. Ba zaure, ba tsakar gida. Gini ɗaya ne zaune bisa harsashin dutse, baranda ta zagaye shi kaf, ɗaki na buɗewa cikin ɗaki. Kaurin bango ya fi kamu ɗaya. Rufin kuwa can sama, ko dogon namiji zai share yana sai ya taka turmi.

Amma zafi! In bazara ta kama, ciki kamar tanda, ga duhu, ga warin rima. Tagoginsa ne manya, mai wucewa na iya hango mace daga hanya, shi ya sa tun kafin a haife ni aka toshe su da tubali aka yaɓe, aka bar 'yan kafofi daga sama. Sutura ce, wa zai ce a'a?

Da surukina ya rasu, Alhaji, wan maigidana, ya ce a rushe a yi shaguna. Har bulo ya sa aka sauke. Kowa ya yarda, har ni. Surukata Hajiya ce kawai ta daina cin abincin kirki. Ina kai mata fura ta ce, "Ɗiyata, nan aka kawo ni. Na so a ce daga nan za a fitar da ni."

Aka ce kafin a sa diga a ciro katakon tagogin, ko zai yi amfani. Ƙanin maigidana ya shigo da guduma yana washe baki.

"Matar Yaya, kwashe tukwanenki, yau za mu fid da ke daga ramin ga."

Na ce, "Ramin da aka binne cibiyarka? Yi a hankali kar ka tono ta."

Ya fasa tubalin gabas. Sai ga ƙyauren katako a baya, lafiya lau, gara ko lasa ba ta yi ba. Ya tura da kafaɗa, ya buɗe. Ya koma na yamma, haka. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

Jama'a, rana tsaka ce, ta bazara, wadda ko kaza sai ta buɗe baki. Sai wata iska ta shigo. Ta biyo inuwar baranda ta huce, ta ratsa ɗaki zuwa ɗaki, har mayafina ya ɗaga. Ashe kowace taga tana kallon ƙofa, kowace ƙofa tana kallon wata tagar. Haske ya sauka a daɓen da na shekara da shekaru ina sharewa, sai ranar na ga ashe ja ne, sumul. Na ce, ikon Allah! Wanda ya auna wannan ya daɗe a ƙasa, amma ga aikinsa na numfashi.

Alhaji ya shigo yana zufa zai yi faɗan an ɓata lokaci. Ya tsaya. Ya cire hula. Ya zauna bakin taga.

Hajiya ta dogaro sanda ta fito. "Haka uwar mijina ke faɗi, wai da can gidan nan sanyi gare shi. Na ɗauka santin da ne irin na tsofaffi."

Can Alhaji ya nisa. "To Hajiya, matan fa? Duk mai wucewa ya gan su?"

"Bulon da ka jibge waje, na ci ne? Zagaye mamu gidan da shi."

Katanga aka yi, har da ɗan zaure. Shaguna ba su samu ba, kuma Alhaji ya daɗe yana mita. Hajiya ta ƙara damina da dama bakin tagar gabas tana jan carbi, daga nan kuma aka fitar da ita, Allah ya jiƙanta.

Ku fa, a gidanku na gado, akwai bangon da kuka taɓa ƙwanƙwasawa kuka ji amonsa ya bambanta?