Kwaɗon da Mahaifiyata Ta Nema

Shekarun baya, da ciwon mahaifiyata ya yi tsanani a ɗakinmu na unguwar Hindawiyya a Makka, wata safiya ta riƙe hannuna ta ce, "Kwaɗo nake marmari."

Ni haifaffiyar Makka ce, Hausata ta kicin ce kawai. Na yi ta rawar jiki, na nemo zogale da ƙuli-ƙuli, na kwaɗa mata kwano guda. Ta dubi kwanon, ta dube ni. "Kai, 'yar nan! Ba na ci ba. Kukan kwaɗi nake son ji, irin na tafkin garinmu da damina." Wallahi kunya ta kama ni. Ashe kalmar biyu ce, ni kuwa ban taɓa ganin kwaɗo da idona ba. Ita kuma tun da ta zo Hajji ta zauna, ba ta sake taka gida ba.

Na ba wa abokiyar aikina labarin, wata 'yar Indunusiya da muke shara tare a wani otal a unguwar Jarwal. Ranar Juma'a sai ga ta da wayarta, ta nuna wa Inna kwaɗon dajinsu. Kore ne shar, a saman bishiya yake zama. Idan ya yi tsalle sai ya baza yatsunsa, fatar da ke tsakaninsu ta buɗe kamar lema, ya lula zuwa wata bishiyar. Ta ce macen tana zuba ƙwai cikin kumfa a jikin ganyen da ke saman ruwa, in sun ƙyanƙyashe su faɗo ciki.

Inna ta daɗe tana kallo. "Ikon Allah. Namu dai ba ya tashi. Sa shi ya yi kuka mana."

Bidiyon ba shi da sauti.

Ranar na kira ɗan kawuna a gida, na roƙe shi ya ɗauko mini kukan. Ya ce, "Yaya, rani ake yi, tafkin ya ƙafe. Ki bari ruwa ya sauka." Kullum sai Inna ta tambaye ni, "An yi ruwa?" In ce tukuna.

Saƙon ya iso kwana goma sha ɗaya bayan mun binne ta. Na kunna shi a bakin gadonta, na yi kuka har na gode Allah.

Har yau abin yana ci mini rai. Shekara talatin ina gefenta, ban taɓa tambayar ta abin da take kewa ba sai da lokaci ya ƙure. Allah ya jiƙan Inna.