Ƙanena Ya Ƙi Sukar Shaidata

Ƙarfe goma da kwata na safiyar wata Talata, mu shida ne a cikin kotu: alƙali, magatakarda, ɗan sanda, mai bijimin da aka sace, ƙanena da ake tuhuma da satar, sai ni da na zo ba da shaida. A lokacin ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Bafarawa, kuma babban ɗa a gidanmu. Shekara biyu ke nan ba na amsa gaisuwar ƙanena. Dalili ɗaya ne: Baba ya tsallake ni ya damƙa masa gandu da shanun huɗa. Duk mai magana da gidanmu ƙofar ƙanena yake nufa, ina zaune ina kallo.

Abin da na gani kaɗan ne. Bayan la'asar, daga nesa, na hangi wani mai shuɗiyar riga yana jan bijimi. Ban ga fuska ba. Wani makiyayi ya riga ya yi shaida, ana neman cikon na biyu, sai na ce ƙanena ne.

Da na gama, alƙali ya juya wurin ƙanena ya bayyana masa haƙƙinsa daki-daki. Ya ce yana iya sukar shaida in akwai gaba tsakaninsu, ko in an san shi da ƙarya, ko in zai ci riba da ɗaurinsa. Gabarmu duk ƙauye ya san ta, ribar kuwa gandu ce. Na tabbata za ni fita da kunya. Sai ƙanena ya dube ni, ya sunkuyar da kai, ya ce shi dai bai ɗauki bijimi ba, amma ba zai soki Yaya a gaban mutane ba. Sau uku alƙali yana maimaita tambayar, amsar ba ta canza ba.

An ɗaure shi wata tara. Gandu ya dawo hannuna kamar yadda na so. Gero ya yi kyau a shekarar, amma na kasa cin tuwonsa gaban Baba. Daga baya aka kama bijimin a hannun wani. Da ƙanena ya fito, ya kwashe iyalinsa ya koma Sabon Birni. Har yau yana aiko mini da gaisuwa, yana ce mini Yaya.

Na gane an kafa wannan doka ne saboda irina, kunya kuma ta hana ta aiki. Mai karatu, ina roƙonka abu biyu. In an tambaye ka suka, ka faɗi gaskiya ko da yayanka ne. In kuma kai ne shaida, kana jin zafin wanda ake tuhuma, ka gaya wa alƙali da bakinka kafin ka ce ka gani.