Eriyar da na ƙi saukewa a Challawa

"Sauke ƙarfen nan yanzu, ko ku fita tare!"

Manajanmu ne yake daka mini tsawa ina kan tsani, a wani kamfanin jima a Challawa. Laifina? Na kafa eriya ta biyu can ƙarshen fili, daidai inuwar da yake ajiye motarsa.

Lokacin salula ba ta kai ƙauyuka ba. Da rediyon oba-oba haɗe da kwamfuta muke karɓar saƙon masu sayo mana fata. In sigina ta dushe, sai saƙo ya guntule, fata ta ruɓe a ƙauye tana jiran mota. Shi ya sa na ƙara eriya.

Na ce, "Yallaɓai, ba za ta sauka ba."

"To matso da ita kusa da 'yar'uwarta mana!"

"In suna manne, tare za su kurumce. Ko a kasuwar Kwari, mai wayo ba ya jera 'yan kiran ciniki a ƙofa ɗaya. Wanda ya kuɓuce wa wannan, wancan ya cafke."

Ya ce in saƙon yamma ya yanke, na kori kaina. Saƙo ya shigo cif.

Har na bar kamfanin, a rana motarsa take wuni.

Ku fa, wane ƙarfe kuka taɓa ƙin saukewa?