Ranar da Inna ta ƙi tafa wa Auta

Shekarun baya, lokacin ina zaune a Greenbelt, kusa da Washington a Amurka, ina tuƙin tasi, mahaifiyata, Inna, ta zo mana ziyara daga Katsina. Mu biyu ne 'ya'yanta a ƙasar nan, ni da ƙanena, autanmu. Ni na riga shi zuwa, ni na yi ta faɗi-tashi har ya samu makaranta ya biyo ni, ya karanta harkar kwamfuta. Da ya gama sai wani kamfani mai ƙera na'urar gem, irin wadda ake jonawa da talabijin, ya ɗauke shi aiki a wani ƙaramin ofishinsu. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba, kada ma wani ya biyo ni da tambaya. Abin da nake so ku riƙe shi ne takardar zamansa a Amurka a jikin aikin nan take rataye. In aikin ya tafi bai samu wani da wuri ba, to sai haɗa kaya.

Aikin nasa kuwa shi ne buga wasannin da ba su fito kasuwa ba, ya gano inda suke da matsala a gyara. Ni har yau abin yana ba ni mamaki. In wuni a babban titin Beltway cikin cunkoso bayana yana ciwo, shi kuwa a biya shi albashi a kan abin da Inna ta sha bin sa da muciya saboda shi yana yaro. Nakan tsokane shi in ce Allah mai iko, wani da gumi, wani da babban yatsa. Sai ya miƙo mini abin dannawar ya ce in gwada in da sauƙi. Sau ɗaya na karɓa, motar cikin wasan ta nufi katanga kai tsaye, ni da nake ci da sitiyari. Tun daga nan ban sake ba.

Auta yana da wata ɗabi'a tun yana ƙarami. In abu ya tafi da hankalinsa sai ya turo harshe ta gefen baki ya ɗan cije shi, bai ma san yana yi ba. Haka yake yi in yana rubutu, haka in yana gyaran keke, haka in yana gem, har da karkatar da kafaɗa in motar cikin wasan za ta sha kwana. Da Inna ta kwana biyu a ɗakinsa da ke garin Gaithersburg, ta zauna tana kallonsa yana bugawa, sai ta yi dariya ta ce gemu ya fito amma harshe bai koma ba.

A cikin zaman nata ne aka shirya wani babban baje koli na masu wasannin nan a tsakiyar Washington. Kowane kamfani ya kafa rumfa, ga 'yan jarida, ga dillalai da masu shaguna, kowa ya zo ganin abin da za a fitar baɗi. Kamfanin su Auta zai nuna wani sabon wasan tseren mota da ake ta ɗokinsa, kuma Auta aka zaɓa ya hau dandamali ya buga shi a gaban jama'a, don babu wanda ya kai shi sanin wasan. Kai, ranar da na ji, babu fasinjan da ya shiga motata bai sha labari ba. A masallaci ma bayan Juma'a sai da na tare mutane. Inna ta ce ai ko da rarrafe sai ta je ta ga ɗanta a bakin aikinsa, Auta kuma ya samo mana katin shiga.

Na dai lura ana saura 'yan kwanaki ya yi sanyi. Inna ta tuƙa tuwo da miyar kuka, abin da yake lashe kwano a kai, amma ya ɗan taɓa ya ture. Na tambaye shi, ya ce gajiya ce. Ban matsa ba.

Ranar farko muka bar motar a gida muka hau jirgin ƙasa na Metro, Inna ta riƙe hannuna gam a kan matakalar nan mai tafiya da kanta, tana ta salati. Zauren kuwa ba a magana, ƙara da fitilu ta ko'ina. Ta ce wannan ai kasuwa ce aka yi wa rufi. Muna zagawa kafin lokacin su Auta ya yi, sai ta tsaya a wata 'yar ƙaramar rumfa a gefe inda mutane suka yi layi, kowa ana ba shi abin dannawa ya gwada da hannunsa. A gabanmu wasan ya daskare a hannun wani, matar da ke kula da wurin ta ba shi haƙuri tana dariya, ta kashe ta kunna, ya ci gaba. Babu wanda ya bar layin. Inna ta tambaye ni me ya faru, na ce kayansu ne bai gama nuna ba. Ta ce to ai ga shi sun bari ana ɗanɗanawa.

Rumfar su Auta kuwa ta kusa cinye rabin bango. Aka rage fitilu, wani mutum ya fito da lasifika ya ce abin da za mu gani yanzu ba fim ba ne, ga ma'aikacinsu nan zai buga mana shi a gaban idonmu. Na fassara wa Inna a kunne. Sai ga Auta cikin rigar kamfani, riƙe da abin dannawa. Ƙaton allo ya haskaka, mota ta fita a guje cikin ruwan sama, kana ganin ɗigon ruwa a jikin gilashi, kana ganin hasken fitilun titi a kwalta. Wallahi ni da nake tuƙi a ruwa kullum sai da na ji ƙafata tana neman birki. Zaure ya ɗauki ihu. Na tafa har tafin hannuna ya yi zafi, ina waiwaye ina nuna wa na kusa da ni cewa ƙanena ne.

Inna ba ta tafa ba. Hannuwanta na kan cinyarta, kuma ba allon take kallo ba, shi take kallo. Na ɗauka hayaniyar ce ta gajiyar da ita.

Da yamma Auta ya biyo mu Greenbelt cin abinci. Ina ta zuba, ina ba shi labarin yadda wani Bature a bayana ya miƙe tsaye, shi kuma yana ta murmushin yaƙe. Inna ta bari na gaji don kaina, sannan ta dube shi.

"Auta, wa ke tuƙa motar nan?"

"Ni ne mana, Inna."

"Harshenka bai fito ba."

Ya ajiye cokali. Ni da farko dariya ta so kama ni, sai na ga fuskarsa. Nan ya faɗa mana komai. Wasan na gaskiya bai kammala ba, yana yawan daskarewa, ruwan saman nan ma ba a sa shi ciki ba tukuna. Manyansu sun ji tsoron kunya a gaban 'yan jarida, sai suka sa aka haɗa bidiyo mai kyau, shi kuma aka ba shi ya haddace inda zai motsa yatsu su dace da hoton. Abin dannawar da ke hannunsa ba a jone yake da komai ba. Ya ce an gaya masa ba su suka fara ba, kuma in wasan ya fito haka zai zama, in Allah ya so.

Inna ta ce cinikin biri a sama ke nan. Ita atamfa ta sayar a cikin gida har ta aurar da yayyenmu mata, kuma ban taɓa ganin ta miƙa wa mace turmi a naɗe ba, sai ta warware shi a tsakar gida, in da tabo ta nuna da yatsa. Na ɗauka wannan za ta tuna masa, amma ba ta yi ba. Ta dai tambaya ko mutumin nan mai lasifika da gaske ya ce ɗanta ne ke bugawa. Na ce haka ya ce. Ta gyaɗa kai, ta tashi ta tafi alwala.

Tana fita na juya kansa. Na ce kai, ka dawo hayyacinka. Talla ce, wa bai san talla da gishiri ba? Ba kai ka haɗa bidiyon ba, ba kai ka yi magana ba, tsayawa kawai ka yi. Ka lallaɓa ka ƙarasa kwanakin da suka rage, ka kama bakinka, ka tuna takardarka. Na tuna masa irin wahalar da aka sha kafin ya zo, ban rage komai ba, don ni in raina ya ɓaci ba na tauna magana. Ya ce, "To, Yaya." Na san irin wannan to ɗin nasa tun yana yaro.

Washegari da safe ya samu shugabarsu kafin a buɗe zaure. Ya ce mata a bar shi ya buga na gaskiyar, a gaya wa jama'a ba a gama ba. In ba haka ba a rubuta a allo cewa bidiyo ne. Ya ma ba da shawarar a jera na'urori a ba mutane su taɓa ɓangaren da ya nuna, tun da akwai shi. In duk ba za a yi ba, to a ba wani ya tsaya. Ya ce mini ta saurare shi da kyau, ta yi masa murmushin nan na mutanen ofis, ta gode masa da ya faɗi ra'ayinsa. Aka ba wani ma'aikacin abin dannawar, taro ya ci gaba, aka sha tafi kamar jiya.

Ba a kore shi ba. Nan ba a cika yin haka ba. An dai bar shi har wa'adin kwantiraginsa ya cika, sannan aka ce ba za a sabunta ba. Ya nemi wani aikin, ni ma na bi duk wanda na sani, har fasinjoji na roƙa, amma lokaci ya ƙure. Inna ta riga ta koma gida. Ni na kai shi filin jirgi daga Gaithersburg, raina a ɓace. Da ya sauke jakunkunansa ya ce in yafe masa, na ce Allah ya kiyaye hanya, na ja motata. Na yi kuka a hanyar dawowa, kukan haushi.

Da wasan ya fito daga baya, na ji yaran abokaina suna ƙorafi wai ba abin da aka nuna musu ba ke nan, ina ruwan saman? Ban ji daɗin komai ba. Ƙorafinsu bai dawo mini da ƙanena ba.

Na daɗe ina jin haushinsa, kuma gaskiya har da Inna a ciki. Wata rana a waya na kasa daurewa, na ce mata da ta yi shiru ran nan da yanzu yana nan. Ta ce ita ba ta ce ya bar aiki ba, tambaya kawai ta yi. Sannan ta ce, "Na keta duniya in ga ɗana yana aikinsa, sai na tarar da wani tsaye da fuskarsa. Me kake so in tafa wa?"

Shekarar da ta biyo baya ciwo ya kwantar da ita. Auta ne ya yi ta jigilarta asibiti, shi ke ba ta magani, shi ke kwana a ƙofar ɗakinta. A hannunsa ta cika. Ni ina Beltway da fasinja a baya lokacin da kiransa ya shigo, kuma kafin in sauke mutumin in samu wurin tsayawa, har an fara shirin yi mata sutura. Ban ga gawarta ba. Shi ya sa ta a kabari. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Ba zan ce muku na gane hikimar abin duka ba. Har gobe in na wuce ta gaban zauren nan da fasinja sai abin ya dawo mini sabo, kuma akwai ranakun da nake cewa da ya bi shawarata. Amma haushin ya tafi tuntuni. Na dai san da a ce masu ƙera na'urorin nan za su tambayi direban tasi yadda za su tallata wasan da bai fito ba, da na ce musu su miƙa wa mutane abin dannawar. Abin da ya nuna a bari a ɗanɗana, wanda bai nuna ba a ce bai nuna ba, in bidiyo ne a ce bidiyo ne. Na gani da idona, wasa ya daskare kuma babu wanda ya bar layi. Kada dai a ɗauko ɗan mutane a tsayar da shi gaban jama'a da abin da ba a jone yake da komai ba.

Auta yana Katsina yanzu, ya yi aure, yana koyar da kwamfuta, yana kuma haɗa 'yan ƙananan wasanninsa na waya. Kwanakin baya na kira shi ta bidiyo, matarsa ta ɗauka ta ce in dakata in ga wani abu, ta juya mini wayar. Yana zaune a tabarma da 'yarsa a cinya, suna gwada wani wasa da ya haɗa, ba su ma san ana kallonsu ba. Shi harshe a gefen baki, ita ma harshe a gefen baki.

Na yi dariya har da hawaye. Sai na ji hannuna ya tafi neman lambar Inna, in gaya mata harshen ya fito.