Agwagin Inna

Shekarar da rediyo ya ishe mu da maganar murar tsuntsaye, ina ƙauyenmu bayan Guri, na je gida wankan haihuwar fari. Babanmu ya daɗe da rasuwa, ƙanensa Baffa ne ke riƙe da gidan.

Inna agwagi take kiwo. Da safe ta buɗe musu su gangara fadama, su yini cikin ciyawar kachala tare da baƙin tsuntsayen da ke sauka idan ruwa ya fara ja, da yamma su dawo da kansu. Da ƙwansu take sayen sabulu da gishiri, ba ta roƙon kowa.

Kajin Baffa ne suka fara mutuwa. Sababbi ya sayo a kasuwar Malam Madori, bai ware su ba kamar yadda ake ta gargaɗi, ya zuba su cikin tsofaffin. Sai ka ga kaza tsaye tana gyangyaɗi, kai a kumbure, an jima ta kife.

Baffa ya tsaya tsakar gida ya ce, "Agwagin matar nan ne suka kwaso mana cuta a fadama."

Inna ta ce, "Malam, dube su mana. Ko ɗaya ba ta kwanta ba."

"Su ai ba sa kwantawa. Na mutane suke kashewa."

Bai jira malaman dabbobi ba. Ya tara mazan unguwa da sanduna, suka bari agwagin suka shigo, suka rufe ƙofa. Agwagwa tana da taurin rai. Wata wuyanta ya karye amma tana ta zagaye turmi, su kuma suna dariya suna cewa a ƙara mata. Inna ta durƙusa tana roƙon a bar mata ko mai kwancin ƙwai. Baffa ya finciko agwagwar daga akurki, ya bi ƙwayayen da takalmi ɗaya bayan ɗaya.

Waɗanda ba su gama mutuwa ba aka yi maza aka sa musu wuƙa don kada su zama mushe. Kowa ya cusa tasa a ƙarƙashin riga. Kafin magariba ƙamshin miya ya cika unguwar.

Bayan 'yan kwanaki zazzaɓi ya kama Inna. Baffa ya sa aka mai da ita ɗakin awaki, ya datse da kwaɗo. Da sanda ake tura mata kwanon tuwo ta ƙasan ƙofa. Ina jin ta tana kiran a ba ta ruwa, na miƙe da moɗa. Ya tare ni.

"Ki taɓa ƙofar nan, yaron nan ba zai ƙara shan nononki ba."

Na ce, "Baffa, uwata ce fa."

Ya karɓe moɗar ya watsar da ruwan a gabana.

Da ma'aikatan lafiya suka zo da takunkumi a fuska, suka sa aka buɗe. Sun same ta kwance cikin kashin awaki, leɓɓanta sun tsattsage. Suka gwada jininta suka ce zazzaɓin cizon sauro ne. Sauran kajin Baffa kuwa suka kashe, suka binne a rami mai zurfi. Daga ina cutar kajin ta fito, ba su yanke ba.

A ƙofar masallaci Baffa yabo ya sha, wai ya tsare gari tun kafin annoba ta shigo mutane. Ba wanda ya leƙo ya yi wa Inna sannu, har waɗanda suka ci naman.

Ranar da na gama wanka, maigidana ya zo ɗaukata zuwa Haɗeja. Inna ta ƙulle kayanta a zane ta biyo mu bakin ruwa inda za mu hau kwale-kwale, tana tafe tana hutawa. Baffa ya ɗaga murya daga zaure ya ce idan ta tafi, shinkafa zai zuba a ɗakinta. Ba ta waiwaya ba. Ta shiga kwale-kwalen, ta miƙo hannu na ba ta jaririn.