Gaisuwar Malam Sanusi Ta Iso Bayansa

Ranar da Malam Sanusi ya rasu, gaisuwarsa ta riga labarin mutuwarsa isowa gare ni. Ina zaune ni kaɗai a ɗan ofishinmu na kiwon lafiya a Takeita, na kunna na'ura mai ƙwaƙwalwa, saƙonsa da na saba gani kowace safiya ya fito: "Salamu alaikum, Takeita. An tashi lafiya?" Na rubuta masa amsa, har da tsokanar cewa shayinsa ya huce. Ban samu komai ba. Can wayata ta yi ƙara, ƙanensa ne daga Damagaram. Ya ce, "Sai haƙuri, Yaya ya cika bayan asuba." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kafin motar da na shiga ta kai gari, an dawo daga maƙabarta.

Malam Sanusi shi ne mai kula da na'urorin babban ofishinmu na Damagaram, shi ya koya mini aiki. Kafin zuwansa, sai mutum ya hau babur ya bi Droum da Mirriya da Takeita yana kwaso bayanan allurar rigakafi da na sanyin firjin da ake ajiye ta. Wani lokaci kafin bayanin ya iso, maganin ya lalace. Shi ya zauna ya rubuta wa na'urorin umarni: kowace ta jira sadarwa ta samu, ta tura bayananta da kanta, in layi ya katse ta ci gaba daga inda ta tsaya. Babbar na'urar Damagaram kuma tana aika musu aiki daga nesa, su yi, su kawo mata rahoto. Yakan ce, "Aikin da ba ya tafiya sai kana nan, ba ka gama shi ba."

Amma duk umarnin da ya rubuta, da sallama yake farawa. Na taɓa yi masa dariya, na ce, "Malam, ordinatar ɗin nan fa ba ta jin Hausa." Ya dube ni ta saman gilashinsa, ya ce, "Ita ba ta ji, amma akwai mutum zaune gabanta, kuma ba shi da kowa." Gaskiya ya faɗa. A Takeita na sha wuni ba wanda ya tambayi lafiyata sai sallamar nan.

Idan wata na'ura ta yi shiru, ba ya fara zargin waya ko wuta. Mutumin wurin yake kira. Wata rana na'urar Droum ba ta amsa ba, ya kira Malama Hadiza, ma'aikaciyar jinya da ke riƙe da ɗakin shan maganin, ya same ta kwance da zazzaɓi, ta kasa ko buɗe ƙofa. Bai tambaye ta bayanai ba. Mota ya nema mata.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, bayan rasuwarsa babu abin da ya tsaya. Bayanai suna zuwa, ayyuka suna gudana, har wasu a ofis sai da aka yi sadakar bakwai suka ji. Ya gyara aikinsa har ba a ga gurbinsa ba. Na yi kuka a kan wannan, ban ɓoye ba.

Aka maido ni Damagaram, aka ba ni kujerarsa. Shugabanmu ya kira ni ya ce, "Ka rufe kont ɗin marigayi, wato asusunsa na na'ura, ƙa'ida ce." Duk ayyukan nan da sunansa da makullinsa na sirri suke tafiya. In na rufe haka nan, ƙauyuka za su yi shiru, firji ya mutu ba mu sani ba. In na maida su sunana, na share shi da hannuna daga wuri na ƙarshe da yake magana. Na ja ƙafa iyakar iyawata, kowace safiya ina kallon sunansa yana fita yana gaida mutane. Daga ƙarshe na tuna maganarsa, na san da yana nan da ya ce ban gama aiki ba. Na sauya sunan, sallamar kuwa ban taɓa ta ba.

Washegari Malama Hadiza ta kira ni.

"Na ga suna ya canza."

Na ce, "Haka ne, Malama."

Ta ce, "Ni fa tun rasuwarsa ban daina amsa masa ba. To, yanzu kai ka riƙa karantawa. Shi yana karantawa."

Na buɗe akwatin saƙonni, na ga amsoshinta a jere, babu wanda ya duba. Tun daga ranar, da su nake fara aiki.

Allah ya jiƙan Malam Sanusi, ya gafarta masa, ya haskaka kabarinsa, ya sa mala'ikun rahama su tarbe shi da sallama yadda ya riƙa yi wa bayin Allah. Allah ya ba uwargidansa da ƴaƴansa da ƴan'uwansa haƙurin rashinsa, ya zama gatansu. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.